Fentin Ruwan Malam Ɗanliti

A shekarar da sojoji suka ce sun gaji, za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, wata irin annoba ta sauka a Kano, sunanta bita. Duk inda ka ga an kafa rumfa an jera kujerun roba, to bita ake yi. Akwai bitar yadda ake dangwala ƙuri'a, akwai bitar kiwon zomo, har da bitar yadda ake shirya bita. Mutum zai je ya zauna ya sha gyangyaɗinsa, a taɓa shi a miƙa masa lemo da cincin, ya dawo gida yana goge baki yana cewa ƙasa ta kama hanyar gyaruwa.

Cikin wannan yayi ne guda ta faɗo a kan Malam Ɗanliti na Gyaɗi-Gyaɗi.

Malam Ɗanliti dattijo ne siriri mai farin gemu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin duhu na asibiti yana wanke hoton ƙashi. A miƙo masa ta taga, ya tsoma a ruwan magani, ya ɗago, sai haƙarƙarin wani bawan Allah ya bayyana. Ya san cikin mutanen Kano fiye da yadda ya san fuskokinsu. Baƙi da fari, sai toka-toka a tsakani, abin da idonsa ya ci ya sha ke nan har ya ajiye aiki. Shi ya sa da ya fito sarari ya zama kamar wanda aka yi wa asiri da launi. Yakan tsaya a bakin kwata yana kallon bakan gizon da baƙin mai ya shimfiɗa a kan ruwa, har sai ɗan acaɓa ya danna masa hon. Ya taɓa sayen tattasai ƙwaya ɗaya a kasuwar Tarauni, ba don miya ba, don dai ya ajiye a taga ya ga irin kamar da zai sauya in ya fara ruɓewa.

Matarsa Uwani ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Malam, sa'anninka da suka ajiye aiki kaji suke kiwo, wasu su buɗe kemis. Kai kuma ka zauna gadin ruɓaɓɓen tattasai."

"Ba ki ga yadda jan ya koma ba ne, Uwani. Zo ki duba gefen nan."

"Na gani. Ƙuda ma ya gani."

To wata ƙungiya ce, cikin irin waɗanda suka tsiro a lokacin ba wanda ya san ubansu, ta ari aji guda a wata firamare a Tarauni, ta ce duk Asabar za a koyar da zane da fentin ruwa. Shi ne irin fentin nan da ke zuwa a ɗan akwatin ƙarfe, ƙulli-ƙulli kamar alewa, wanda sai an jiƙa burushi an shafa yake bayar da launi. Malam Ɗanliti ya riga mai buɗe ƙofa zuwa. Sauran ɗaliban kuwa, akwai 'yan makarantar koyon jinya da lemo ya kawo su, da wani mai rubuta allon shaguna da ya zo ya ga ko sana'arsa za a ƙwace, da wasu matan aure da suka ji ƙishin-ƙishin za a raba keken ɗinki.

Mai koyarwar sunansa Saifullahi. Saurayi ne da ya yi karatu a Zariya ya dawo da wata hula shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda yake karkatawa gefe guda, da ɗan gemu a ƙarƙashin leɓe wanda bai kai a kira shi gemu ba. In yana magana sai ya jefa Turanci uku kafin Hausa ɗaya ta samu wurin fitowa. Tun ranar farko ya faɗa musu inda aka dosa. In an gama bita za a yi baje koli, wani Alhaji da ya ci zaɓe zai zo ya yanke ƙyalle, kuma zanen da ya isa kawai za a rataya a bango da sunan mai shi a ƙasa. Sannan ya buɗe wata jaka ya raba wa kowa takarda guda, mai kauri, mai ɗan kaushi in ka shafa, kamar bayan ƙwarya.

"Daga ƙasar waje aka kawo ta," in ji shi. "Guda-guda ce. Ku yi ta gwaji a kan kwali, wannan ta aikin ƙarshe ce. Wanda ya ɓata tasa, ya ɓata."

Malam Ɗanliti ya karɓi tasa da hannu biyu. Tun daga wannan rana ba shi da wani buri sai guda. Shekara da shekaru yana wanke hotuna, likitoci suna ɗaga su a gaban fitila suna gyaɗa kai, ba a taɓa tambayar wa ya wanke ba. Yanzu yana so a rataya abu guda da ya fito daga hannunsa, da sunansa a ƙasa, mutane su tsaya su kalla.

Sai dai fentin ruwa ba ya jin rarrashi.

"Baba, ruwa ne yake zanen, kai rakiya kawai kake yi masa," in ji Saifullahi. "Mai haske tukuna, mai duhu daga baya. Kuma babu fari a akwatin nan. Farinka takardarka ce. Inda kake son fari, ka bar wurin, kada ka taɓa."

Malam Ɗanliti ya ce ya ji. Amma mutumin da ya yi rayuwa da yunwar launi, ta yaya za a ba shi akwati cike a ce ya bar wuri babu komai? In ya sa shuɗi sai ya ga kore na kallonsa. In ya sa kore sai ja ya ba shi tausayi. Kafin a ankara duk sun haɗu sun zama abu guda mai kama da bakin kududdufi. Wata Asabar Saifullahi ya ɗaga kwalinsa sama da yatsu biyu, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Baba, ina ne sama?"

"Yadda ka fara riƙewa, Malam."

"Kuma mene ne?"

"Kasuwar Tarauni ce da hantsi."

"Allah Sarki. Na ɗauka miyar kuka ce ta zube."

'Yan koyon jinya suka kwashe da dariya har ɗaya ta ƙware da lemo. Malam Ɗanliti ma ya taya su, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Daga nan Saifullahi ya ce ciwonsu zaman ɗaki ne. Manyan masu zane na duniya a fili suke aiki, rana na dukansu, iska na kaɗa su. Kowa ya ɗauki kayansa ya fita ya zana abin da idonsa ya gani. Shi dai ba a taɓa ganin rana ta dake shi ba, ƙarƙashin fanka yake faɗar wannan, amma Malam Ɗanliti ya ɗauki maganar kamar umarnin likita.

Uwani ta gindaya sharaɗinta tun a ƙofar gida.

"Ka je ka yi ta ɓata kwali, ban hana ka ba. Amma kada ka zano mini abu mai rai, gobe ƙiyama a ce ka hura masa numfashi, kai da wutar murhu ma ba ka iya hurawa."

Saboda haka ya bar mutane da awaki, ya shiga neman abin da ba ya numfashi. Ya same shi a gefen katangar asibitin koyarwa, inda masu jinya 'yan ƙauye suke yada zango a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Nan suke kwana a tabarma, nan suke girki, nan suke wanki su ɗaura igiya su yi shanya. Shanyar ce ta kama shi. Atamfa ja da ruwan ɗorawa, shuɗin mayafi da ya koɗe, wandon yaro kore, farin zanin gado a tsakiya, duk a jere iska na wasa da su. Ya tsaya baki buɗe kamar wanda ya hango Makka.

A wurin akwai wani mai tebur, Lawan, sa'ansa ne, tun suna samari suka san juna. Sabulu yake sayarwa da sukari da kyandir da goro, da duk abin da mai jinya zai nema da gaggawa. Shi ya ara masa benci.

"Ɗanliti, tsufan ne ya zo maka ta nan? Wasu ta gwiwa yake kama su."

"Kai dai ba ni ruwa a gwangwanin nan."

"Ga shi. In ka gama ka zana mini ciniki, na ga ko zai zo."

Lokacin bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Malam Ɗanliti zai jiƙa burushi, kafin ya kai shi kan kwali ya bushe. In ya ja layin shuɗi, kafin ya dawo ya haɗa da na biyu na farkon ya ƙafe ya bar tabo kamar fitsarin yaro a katifa. Haka yake wuni, katako a cinya, kwali a kan katako, yana tsoma burushi yana wankewa a gwangwanin madara, leɓensa na motsi yana maimaita karatun Saifullahi: mai haske tukuna, mai duhu daga baya, bar fari, bar fari.

To ka dubi abin da idon mutumin ƙauye. Ga dattijo mai farin gemu a gindin bishiya, ga allo a cinya, ga abin rubutu a hannu, ga baki na motsi ba a jin abin da yake faɗa, ga kuma ruwa a gefe da yake wanke abin rubutun a ciki yana sauya kama. Kuma duk wannan a jikin katangar asibiti, inda kowa zuciyarsa a hannu take.

Wadda ta fara zuwa sunanta Husaina, daga wani ƙauye a bayan Sumaila. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da aiki."

"Barka kadai, baiwar Allah."

"Maigidana ne kwance a ciki, Sani sunansa. Ciki ne ya kumbura masa, ko ruwa ba ya zama. A taimaka a sam mana ko kaɗan ne mu ba shi." Ta nuna gwangwanin da haɓa.

Malam Ɗanliti ya dubi gwangwani, ya dube ta, sannan ya gane. Rubutun sha take nufi, irin wanda malamai ke rubuta ayoyi a allo su wanke a ba marar lafiya. Ya yi dariya har katakon ya kusa zamewa.

"Baiwar Allah, wannan ba rubutu ba ne. Fenti ne. Dauɗar burushi ce. Ni ba malami ba ne, tsohon ma'aikacin asibiti ne. Ki koma ki bi abin da likita ya ce."

Husaina ta sunkuyar da kai ta yi ɗan murmushi. A garinsu an san wannan. Malaman ƙarya su ne masu ɗaura lasifika a tasha suna kiran kansu. Na gasken in ka tambaye shi sai ya ce shi ba kowa ba ne.

"Haka ne, Allah gafarta Malam," in ji ta. "Allah ya ƙara ɓoye ku."

Da ya tafi sallar azahar ya dawo, ya tarar da gwangwanin wayam, an ɗauraye shi tas, an ajiye goro fari a gefe.

Su likitoci tun kafin nan sun riga sun zuƙe wa Sani ruwan cikin sun ɗora shi a kan magani. Washegari ya tashi zaune ya ce a ba shi koko. Amma a gindin darbejiya babu wanda ya ambaci likita. Kafin rana ta take, labari ya gama zangon masu jinya cewa akwai wani malami da ke rubutu da tawada kala-kala. Har sun raba wa launukan aiki. In ruwan ya yi ja na ƙarin jini ne, in ya yi ruwan ɗorawa na shawara ne, kore kuwa na ciki. Wata tsohuwa ta ce ita shuɗi take jira, don jikarta aljanu ne da ita.

Malam Ɗanliti ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Ya rantse. Ya buɗe akwatin fenti ya nuna musu. Ya koma zubar da ruwan a gindin bishiya da zarar ya yi duhu, sai ya ga wata ta zo ta kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar a gefen mayafi. Da abin ya ishe shi ya miƙe ya ɗaga kwalin sama.

"Jama'a, ku duba da idonku! Shanyarku ce nake zanawa! Ga atamfar waccan, ga wandon yaron can!"

Suka duba. Suka ga wani cakuɗaɗɗen abu da bai yi kama da komai ba a duniyar Allah. Nan suka ƙara tabbata aikin manya ne, don da abin wasa ne da an gane shi.

Lawan kuwa abin nema ya samu. Masu kawo sadaka in Malam ya ƙi karɓa, sai su ajiye a gefen tebur, shi kuma ya tura ƙarƙashi da ƙafa. Ƙwan zabi, ƙullin daddawa, tiyar gero. Da wasu suka yi masa ƙorafin Malam ya yi rowa, sai ya rage murya ya ce, "Ku yi haƙuri, waɗannan na kwali duk share fage ne. Babbar takardar tana cikin jaka. Daga ƙasar waje aka kawo ta." Shi a ganinsa raha yake yi, rahar da ke kawo ƙwan zabi.

Ana haka lokaci ya ƙure. Ranar Juma'a ta zo, washegari Saifullahi zai zaɓi abin da za a rataya, kuma takardar Malam Ɗanliti tana nan fara fat, tsoro ya hana shi taɓa ta. Bayan an sauko daga masallaci ya zauna a bencinsa ya fiddo ta.

Sai ga hadari ya taso daga gabas, na farko a shekarar. Bai zubar ba, ya dai tsaya ya rufe rana, iska ta yi sanyi ta yi laushi, ƙamshin ƙasa ya taso daga wani wuri mai nisa da aka riga aka yi ruwa. Masu jinya suka watse neman inda za su ɓoye tabarmi, aka bar shi shi kaɗai. Ya jiƙa saman takardar ya ɗiga shuɗi da ɗan baƙi. A karon farko launin bai ƙafe ba. Ya bazu da kansa, ya yi ciki ya yi baya, ya zama hadarin nan sak. Malam Ɗanliti ya ɗauraye burushi. Ya sa ja, jan ya zauna inda aka ajiye shi. Ya sa ruwan ɗorawa a gefensa, suka taɓa juna kaɗan suka haifi ruwan goro a tsakani, suka tsaya. Da ya zo kan zanin gado sai ya zagaye shi da duhun hadari ya wuce, bai taɓa wurin ba. Ya ɗago kai ya duba, sai ga farin zani ya kumbura da iska a tsakiyar takarda, alhali babu abin da aka sa a wurin.

Hannunsa ya kai kan kore, don akwai sauran gefe. Ya janye. Ya ajiye burushi.

Ya daɗe yana kallo. Irin abin da yakan ji ne a ɗakin duhu lokacin da ƙashi ke fitowa daga cikin baƙi, sai dai wannan karon ba ƙashin kowa ba ne, nasa ne. Ya rubuta sunansa ƙanana a kusurwa. Aka kira la'asar. Takardar ba ta gama bushewa ba, ba ta shiga jaka, saboda haka ya shimfiɗa ta a kan kwali a ƙarƙashin teburin Lawan, inda ko an yi yayyafi ba zai same ta ba.

"Lawan, ga amana. Kada ko ƙuda ya sauka."

"Ajiye tarkacenka ka tafi, ni sai kun fito zan yi tawa sallar," in ji Lawan, yana auna wa wata sukari, ko waiwayowa bai yi ba.

A masallaci, gaskiya, rabin hankalin Malam Ɗanliti yana bangon baje koli. Bayan an sallame ma ya ɗan zauna yana tsara abin da zai ce in Alhajin da ya ci zaɓe ya tambayi wa ya yi wannan. Ya yanke shawarar zai yi shiru ne, ya bari wani ya nuna shi.

Da ya dawo ya hango taro a gindin darbejiya. Mata da maza sun yi da'ira, a tsakiya ga wani babban kwanon sha, ana zagayawa da ludayi, wasu na ɗurawa a kwalba don na kwance a ciki. Ruwan kwanon kalar bakin kududdufi. A kan bencinsa kuwa ga takardarsa an shimfiɗa ta da ladabi, an danne da dutse don kada iska ta ɗauke, ta yi laushi ta yi yamutsa-yamutsa, babu komai a kanta sai wani dishi-dishin shuɗi kamar tsohon tabo. An ɗaure zakara a ƙafar bencin.

Husaina ta taso ta durƙusa, idonta ya yi ja don kuka.

"Allah gafarta Malam, gobe za a shiga da maigidan tiyata. Da muka ga ka gama babban aikin ka ajiye ka tafi, Malam Lawan ya ce ai ku ba kwa bayarwa da hannu, sai dai ku bari a ɗauka. Ban ci ni kaɗai ba, kowa ya samu. Allah ya saka da alheri."

Da mutumin kirki ne, tsohon ma'aikacin asibiti, tambayar da zai fara yi ita ce wa ya sha, kuma nawa ya sha. Amma abin da ya fito daga bakin Malam Ɗanliti daban ne.

"Kun gani? Kafin ku wanke, kun ga abin da ke jiki?"

"Haba, Allah gafarta Malam, mu su wa? A kife na ɗauko ta, a kife na sa a ruwa, na kau da kai na murza. Kada idonmu ya rage mata ƙarfi."

Ya juya ga sauran. Kowa ya girgiza kai da alfahari, babu marar tarbiyyar da ya leƙa. Ya juya ga Lawan.

"Kai fa? Kai da take ƙarƙashin teburinka?"

"Ni ciniki nake," in ji Lawan. Ya sosa ƙeya. "Wai ba irin na kullum ba ne? Ka yi wani mana. Ga zakara ma ka samu."

Sai a sannan hankalin asibiti ya dawo masa. Ya kifar da sauran ruwan kwanon da ƙafa, mata suka yi salati, ya ɗauki akwatin fenti ya shiga ciki da sauri ya nemo wata tsohuwar nas da suka yi aiki tare, Sista Asabe. Ta juya murfin ta karanta, ta ce irin na 'yan makaranta ne, ko yaro ya lasa ba ya komai, amma za ta bi ɗakuna ta karɓe kwalaben. Sannan ta tambayi yadda aka yi. Da ya faɗa mata sai ta jingina da bango tana dariya har hularta ta faɗi.

A gida Uwani ta ɗaga takardar ta duba gaba da baya.

"To, Malam, ko ba komai wannan ta fi sauran tsabta."

Ya karɓe ta. Ya sa ta ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai don ta miƙe.

Ranar Asabar kowa ya kawo abin da ya yi. Mai rubuta allon shaguna ya zano kwalbar lemo har da raɓa a jikinta, aka karɓa nan take. Da aka zo kan Malam Ɗanliti ya ajiye takardarsa a tebur ya ba da labari tun daga hadari har zuwa ludayi. Ya kwatanta jan, ya kwatanta ruwan goron da ya haifu a tsakani, ya kwatanta farin zanin da hannu biyu a iska. Saifullahi ya saurara yana murza ɗan gemunsa.

"Baba, duk wanda bai yi aikinsa ba da labarinsa yake zuwa. Wani ya ce akuya ce ta cinye, wani ya ce yara ne suka yaga. Amma wallahi naka ya fi na kowa. Wai shanyewa aka yi!"

"Malam, ya yi kyau. Na rantse da Allah wannan karon ya yi."

"Na yarda. Wa ya gani?"

Malam Ɗanliti ya dubi takardar.

Saifullahi ya ɗauki takardar ya shafa, ya ɗaga ta a haske, ya juya bayanta ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ka ga abin waje ko? Ta sha wanki amma ba ta mutu ba. Bar mini ita, Baba, akwai inda zan sa ta."

Malam Ɗanliti ya bar masa ita. Ya taɓa jin Saifullahi na cewa a ƙasashen Turawa akan rataya abin da ba kowa ke ganewa ba. Wa ya sani, ko dishi-dishin shuɗin nan ya isa? Bai tambaya ba, don kada tambaya ta ɓata.

Ranar baje koli ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya tafi tun ana share fili. Makaɗa sun zo, 'yan banga sun zo da tutocin jam'iyya, an jera lemo a cikin ƙanƙara. Ya shiga ajin ya bi bango a hankali. Rabin bangon zanen Saifullahi ne, a tsakiya ga hoton Alhajin da ya ci zaɓe, an rage masa tumbi an ƙara masa haske. Ga kwalbar lemo. Ga wata fulawa da 'yar koyon jinya ta kwafa daga jikin faranti. Ya kai ƙarshe ya dawo, ya sake bi. Babu tasa.

Yana fitowa ya gan ta. An buga ta da ƙusa a jikin ƙofar ajin daga waje, daidai tsayin ido, inda duk mai shiga sai ya kalla. Da gefenta mai yamutsa ya gane ta. An juya bayanta waje, an rubuta da baƙin fenti, manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA MAI GIRMA ZAƁAƁƁENMU.

Malam Ɗanliti ya matsa kusa. Ya sa farce ya ɗaga kusurwar ƙasa kaɗan, ya karkata kai yana leƙen abin da ya saura tsakanin takarda da ƙofa. Wani ɗan banga mai jan ido ya buge masa hannu.

"Kai, Baba, ba a taɓa kayan baje koli. Matsa can, ga motar Alhaji nan ta shigo."